Itacen Gona da Riƙon Ƙasa: Tarihin Wata Al'ada a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa da rani, ya ratsa Tsafe da 'Yandoto, ya shiga Gusau, sa'an nan ya bi gefen Gulbin Sakkwato har Bunguɗu, idan ma'abocin lura ne, zai ga gonakin da ke dama da hagunsa iri biyu ne, alhali kuwa rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke sauka a kansu. Akwai gonar da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ke tsaye jefi-jefi a cikinta, gamba ta yi sahu a kan iyakarta, kututturan sabara da kalgo suna tofo a tsakanin tsofaffin kunyoyi. Akwai kuma wadda aka share ƙarƙaf tun daga bakin hanya har iyakar ganin ido, babu inuwar da ko akuya za ta fake. Ta farkon gadon kakanni ce, ta biyun kuwa 'yar zamani ce, shekarunta ba su wuce ɗari ba. Yadda aka yi ɗaya ta haifi ɗaya shi ne abin da za mu bi diddiginsa a nan, domin ƙasar noma, ko da yake ana ɗaukarta a kan abin da ba ya motsi, haƙiƙa tana tafiya, kuma babu mai riƙe ta face saiwa da ganye da dokar mutanen da ke zaune a kanta.

Wajibi ne a fara da sanin ɗabi'ar ƙasar kanta. Wannan yanki, wanda mutanen dā ke kira Katsinar Laka, yana zaune ne bisa tsohon dutse, wanda a wasu wurare ya ɓullo sarari ya yi tsororuwa, kamar Dutsen Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe, a wasu wuraren kuwa ya kwanta ƙarƙashin ƙasar da kaurinta bai taka kara ya karya ba. A tudu akwai jigawa mai rairayi, wadda gero da gyaɗa ke so. A gangare akwai laka, mazaunin dawa da auduga. A bakin gulbi kuma fadama, inda ake rake da shinkafa da lambu. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa, dubban shekaru da suka shuɗe, an yi wani zamani na matsanancin fari, har hamada ta gangaro kudu ta jibge tuddan rairayi a arewacin Sakkwato da gabashin Kano da ƙasar Barno, iska kuma ta kwaso lallausar ƙura ta shimfiɗa a wajajen Funtuwa da maƙwabtanta. Da Allah ya komo da damina, ciyawa da itace suka hau tuddan nan suka ɗaure su, suka zauna wuri guda har yau. Ashe ke nan wani sashe na abin da muke nomawa iska ce ta kawo shi, kuma abin da iska ta kawo, in ta tarar da shi tsirara, ba ta jin nauyin sake ɗauka.

Ruwan da Gusau ke samu a shekara wajen milimita 900 ne, amma a cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba, galibinsa kuma da ƙarfi. Lokacin hatsari shi ne ƙarshen bazara, sa'ad da dabbobi suka cinye kara, wuta ta lashe ciyawa, ƙasa ta bushe ta yi gari, sa'an nan hadarin farko ya taso daga gabas da iska a gabansa. Kowane manomi ya san abin da ke biyo baya a gonar da ba ta da kariya: geron da bai fi tsawon yatsa ba, rairayi ya yanke shi ko ya binne shi, sai an sake shuka, ruwa kuma ya bi sawun ƙafa ya yi ɗan rami bana, baɗi ramin ya ci kunya goma, kafin yaro ya balaga ya zama kwazazzabon da jaki ba ya tsallakawa.

Wannan jarrabawa ba ta keɓanta da mu ba, domin mazauna bakin teku sun daɗe suna fama da irinta. A ƙarshen ƙarni na 18, a gaɓar Faransa kudu da birnin Bordo, tuddan rairayin da teku ke turowa suna tafiya suna binne gonaki da gidaje, har wani injiniya mai suna Brémontier ya jagoranci aikin tsayar da su; dabararsa kuwa ita ce a gauraya irin wani dogon itace mai siraran ganye da irin ƙananan tsirrai masu saurin fitowa, a watsa, a rufe da rassa, domin ƙananan su zame wa babban garkuwa har ya kafu, a gaban su duka kuma a dasa wata ciyawa wadda binnewar rairayi ke ƙara mata ƙarfi. Amma da dokar 1857 ta mayar da yankin kurmin itace iri guda, sai aka wayi gari guguwar Janairun 2009 ta kwantar da babban sashensa a dare ɗaya. Kazalika a Senegal, tun daga 1948 aka fara dasa wani baƙon itace da suke kira filawo a gaɓar da ke tsakanin Dakar da Sanluwi, don a tsare lambunan da ke bayan tuddai. Ya tsare su kuwa, illa dai ganyensa da ke zuba yana yin kauri har ya hana sabon tsiro fitowa, saboda haka in ya tsufa sai an sake dashe da hannu. Abin da ake fahimta daga ƙissoshin nan biyu shi ne, rairayi yana tsayawa ne inda tsirrai suka yi hawa-hawa, ciyawa da ƙananan itatuwa da manya, kowane da aikinsa, kuma iri guda, komai yawansa, musiba guda ta ishe shi.

Idan muka komo gida, za mu tarar magabatanmu sun riski wannan hikima ta hanyar larura. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, garuruwan yankin nan galibi a gindin dutse suke, kamar Kwatarkwashi, ko a cikin ganuwa, 'Yandoto kuma, wadda ta shahara da malamai da almajirai, tana tsakiyarsu. Bayan da rundunar Muhammadu Bello ta watsa 'Yandoto wajen 1806, Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa suka kafa Gusau wajen 1811, Bunguɗu kuma ta zauna ƙarƙashin Sarkin Fulani. Shekarun da suka biyo baya na hare-hare ne, musamman daga Katsinawan Maraɗi da Gobirawa, mutum bai isa ya yi nisa da ganuwa ba. Saboda haka ya zama tilas gonar kusa da gari a noma ta kowace shekara ba hutu, abin da ba ya yiwuwa sai da taki da itace. A bayan waɗannan gonaki akwai saura, wadda ake bari ta huta shekaru, a bayan saura kuma daji.

Shari'a ma ba ta bar al'amarin sakaka ba. Malaman Malikiyya, a babin rayar da matacciyar ƙasa, sun lissafa dashen itace da haƙa rijiya cikin abubuwan da ke tabbatar wa mutum mallakar wuri. Sun kuma ba kowane gari huruminsa, wato iyakar inda masu itacen wuta da dabbobin gari ke kaiwa su komo a yini guda, wanda bai halatta wani ya keɓe shi don kansa ba. Bal ma rijiya da itaciya sun ba su hurumi gwargwadon maslaharsu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya wallafa littafi musamman a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi. Can Damagaram kuwa, sarakunan ƙarni na 19 sun tsananta uƙuba a kan wanda ya sare gawo.

To, dubi yadda ake sassabe a wancan zamani. Manomi ya shiga saura da gatari a bazara, ya sassare sabara da kalgo da geza daidai ƙasa, ya tara ya ƙone, amma ba ya tumɓuke kututture, domin da hauya yake noma, hauya kuwa tana kewaye kututture ta wuce. Saiwar tana nan a raye ƙarƙashin kunya. Da an girbe hatsi sai ta sake tofo, duk tsawon rani tana tare ƙura da busasshen ganyen da iska ke korowa, har ƙasa ta yi ɗan tozo a gindinta, manoma kuma sun san hatsin da aka shuka a kan wannan tozo ya fi na kewayensa tsawo da kauri. Iyakar gona da gamba ake yi mata shaida: a tsago saiwarta da damina a dasa a jere, ta yi tushe ta cunkushe, ruwan da ya gangaro ja wur da laka, in ya iso gare ta, sai ya yi sanyi ya sauke abin da ya ɗauko ya wuce a tace, da kaka kuma a yanke ta a saƙa zana. A bakin kwari da fadama jema ke wannan aiki. A gefen burtali kuwa akan kafa shingen cini-da-zugu ko aguwa ko dashi, waɗanda in an yanko reshe an soka a ƙasa suke kamawa. Shukar kanta ba a yi mata iri guda: gero da dawa da wake a gicce, ga kabewa da duma a gefe, ta yadda in an yanke gero dawa na tsaye, in an girbe dawa wake ya riga ya yi yaɗo ya lulluɓe ƙasa.

Manyan itatuwan da aka bari a gona kuwa, ba don ƙawa aka bar su ba, kowane iri yana da mai tsaya masa. Mai daddawa tana jiran kalwar ɗorawa, magini yana jiran makubarta. Mata suna tsintar 'ya'yan kaɗanya su yi man kaɗe. Kuka ta miya ce da igiya, tsamiya ta kunu. Majemi ba ya jima sai da bagaruwa, maƙeri ba ya son gawayin da ya wuce na ƙirya. Makiyayi kuma idonsa na kan gawo, wanda Allah ya saɓa ɗabi'arsa da ta sauran itatuwa, yana kakkaɓe ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi kore shar da rani ya zubar wa dabbobi 'ya'ya. Ɗorawa dukiya ce da ake gado, ana iya jinginar da ita dabam da gonar da take ciki. Saboda haka duk wanda ya ɗaga gatari a kan itace mai 'ya'ya, ya taɓa abincin wani ne, kuma maganar za ta kai gaban mai gari. Ta haka sana'o'in gari suka zama masu gadin itatuwan gona, saiwoyi iri-iri kuma, masu nutsawa da masu bazuwa, suka saƙe ƙasa tun daga fuskarta har dutse.

Sai batun taki. Da an gama kaka, za ka ga jakuna da mangala suna fita ƙofar gari da sassafe, ɗauke da juji da toka da kashin awaki, ana jibgewa tsibi-tsibi a gona har a baza gab da shuka. Bafillatani kuma ya sauka da garkensa a gonar da aka girbe bisa yarjejeniya, shanu su ci kara su kwana a wurin, yana matsar da turke daga wannan kusurwa zuwa waccan, mai gona ya ba shi damin dawa. Ƙasar da ta ci irin wannan taki tana yin duhu, ta dunƙule, ta sha ruwa ta riƙe, iska ba ta samun garin ɗauka.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, al'amura suka fara sauya kama. Hare-hare suka ƙare, jama'a suka fita daga ganuwa suka bazu a daji, wannan kam ni'ima ce. Amma haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuɗi kuwa a wurin auduga da gyaɗa suke. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta yaɗa irin audugar Amurka da aka shigo da shi a 1912, ta kafa injin gurza a Gusau. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, baƙi suka yi ta kwararowa, Gusau ta zama babbar kasuwar amfanin gona. Malaman gona suka riƙa horon mutane da su shuka auduga ita kaɗai a sahu, doka kuma ta wajabta a tumɓuke karanta a ƙone bayan tsinka saboda tsutsa. Gyaɗa ita ma da saiwarta ake cire ta, a kwashe harawa a kai gida, a bar rairayi a sake. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara yaɗa garmar shanu, wadda ta sauƙaƙa wa manomi wahala ƙwarai, sai dai ba ta shiri da kututture. Wanda ya karɓi bashin shanu da garma, farkon aikinsa shi ne ya tone saiwar da ubansa ke kewayewa. Mutane suka yawaita, hutun saura ya gajarta, a wurare da yawa ya ƙare gaba ɗaya.

Su kansu Turawan sun tsorata. Wani shaihin malamin ilmin daji na jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Nijeriya da Nijar a 1934, ya koma ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa a tare ta. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi kan iyaka a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Abin da ya gano kuwa shi ne tsofaffin tuddan rairayi suna nan a ɗaure da ciyawa, babu wata hamada mai tahowa, ɓarnar da ake gani daga sara da ƙuna da noman da ba hutu take fitowa. Maganin da hukuma ta zaɓa shi ne gandun daji: En'e ta keɓe dazuzzuka ta kafa musu iyaka, ta ɗauki malaman daji, aka jera itatuwan da ba a sarewa sai da takarda, aka kuma cika gefen tituna da kasuwanni da dogon yaro, baƙon Indiya wanda ya fara kafuwa a Barno a 1928. Ba a musun amfanin waɗannan ayyuka, domin da ba don su ba da wasu dazuzzukan sun daɗe da ƙarewa. Amma sun zo da wata illa ɓoyayya, ita ce raba daji da gona a zukatan mutane: itace ya zama na hukuma da malamin daji, gona ta zama ta hatsi kawai, alhali a dā amanar duka biyun a wuyan mutum guda take.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, suka kashe itatuwa da dabbobi masu yawa. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Funtuwa da Gwambe, ya kawo hanyoyin karkara da ingantaccen iri da takin zamani mai rahusa, masara ta shiga gonakin da dā ba a san ta ba, rumbuna suka cika. Sai dai da buhu ya samu, mangala ta rage fita, buƙatar garken Bafillatani ta ragu. Tarakta kuma, wadda ta fi garma ƙyamar kututture, ta nemi a share mata fili. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya dunƙule ƙasa, ba ya riƙe ruwa. Da farashinsa ya hau, manomi ya waiwayi gonarsa ya tarar ta yi fari, ƙuduji ya mamaye dawa. Da Gusau ta zama hedikwatar Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996, gari ya buɗe, buƙatar itacen wuta da gawayi da yashin gini ta ninka. Aka nome burtali da makiyaya duk da dokar 1965 da ta tanadi keɓe su, aka yanka gandun daji aka raba gonaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: lalacewar tsohuwar mu'amalar manomi da makiyayi tana daga cikin sabubban fitinar da ta addabi Zamfara fiye da shekara goma, ko da yake ba ita kaɗai ba ce.

Hujjar cewa abin da ya lalace yana gyaruwa ba ta da nisa da mu. A ƙasar Maraɗi, inda aka share gonaki har suka fi namu tsiraici, aka kuma yi ta dashen da ba ya rayuwa, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƙananan tofon da ake sarewa kowace bazara rassan tsofaffin itatuwa ne waɗanda saiwarsu ba ta mutu ba. Abin da ya riƙa nuna wa manoma shi ne, a kowane kututture a zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a sare sauran, a tsare su daga dabbobi da wuta. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Da riƙon ma'aikatan daji ya sassauta, mutane suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, sai al'adar ta yaɗu daga ƙauye zuwa ƙauye, har masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibinsu gawo da sabara da kalgo da aduwa, ba tare da an dasa su ba.

Yau Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma kowace damina ana raba dashe ana bikin shuka. Wannan alheri ne, amma tarihin da muka bi yana nuna cewa ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu ta zauna ne lokacin da abu uku suka haɗu: tsirrai iri-iri a cikin gonar kanta, amfanin da ke sa kowane iri ya sami mai kishinsa, da hukuncin da ke tabbatar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Saboda haka ya kamata hukuma da sarakuna su bayyana a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa mallakarsa ne, shi da magadansa. A mayar da burtali da hurumin gari a kan iyakokinsu da shaidar dattawan ɓangarorin biyu. Malaman gona su koya wa mai garma da mai tarakta barin sahun kututture da gamba a gicciyen gangare. A kuma daina auna nasara da yawan abin da aka dasa ranar biki, a koma ƙidayar abin da ya rayu bayan rani uku. Ruwan yankin nan ya fi na Maraɗi yawa nesa ba kusa ba, saiwar sabara da kalgo kuma tana nan a raye a gonaki masu yawa. Saura a bar mata reshe a bazarar da ke tafe. Allah ya sa mu dace.